Shin Arzikin Ƙasa Yana Korar Tamowa?

Tambaya: Ina koyar da ɗaliban kiwon lafiyar al'umma, kuma kullum muna faɗa musu talauci ne tushen tamowa. Sai wani ɗalibi ya ce mini: idan haka ne, me ya sa Najeriya mai arzikin man fetur ta fi ƙasashen da ba su kai ta samu ba yawan yara masu tamowa? Ina so a fayyace mini alaƙar arzikin ƙasa da tamowa. Kuma a duniya gaba ɗaya, raguwa abin yake yi ko ƙaruwa?

Amsa:

Malama, ɗalibin nan naki ya tono tambayar da masana tattalin arziki da masana abinci suka daɗe suna kai-komo a kanta. Abin da kuke koya musu gaskiya ne, sai dai da saura. Idan ƙasa ta samu, tamowa tana raguwa. Amma tafiyar hawainiya take yi, ba ta bin arzikin sau da ƙafa, kuma akwai ƙasashen da kuɗi ya shigo musu ya fita ba tare da yaransu sun shaida komai ba. Najeriya tana cikinsu.

Sai mun fara raba abubuwan da muke haɗawa a suna ɗaya, domin yadda kuɗi ke taɓa kowanne daban ne. Wadda kowa ya sani ita ce rama: yaro ya zube cikin 'yan makonni bayan ƙyanda ko gudawa ko yaye na gaggawa, fata ta saki, wani kuma ƙafafunsa su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi. Ita ake aunawa da ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake zagayawa a damtse. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, rayuwar yaron tana cikin haɗari. Ita ce ke cika gadajen asibiti da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa.

Ta biyu ita ce tsumburewa, kuma ba a kai yaro asibiti saboda ita. Yana wasa, yana dariya, amma ɗan shekara huɗu sai ki ɗauka bai kai uku ba. A ƙauyen da rabin yara haka suke ba mai lura, sai a ce ai gadon gidansu ne, kakansa ma gajere ne. Ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma bayan nan gyara yana da wuya. Ba tsawo kaɗai take taɓawa ba, har da ƙwaƙwalwa. Sai ƙarancin sinadarai, mai kawo ƙarancin jini da maƙoƙo da dundumi. Sai kuma ƙiba, wadda mutanenmu da yawa har yanzu suke ɗauka alamar hutu ce, alhali ita ma rashin ingancin abinci ce. Idan masana suna kwatanta ƙasashe, tsumburewa suka fi dubawa, saboda ita ce ke nuna halin da gida ya daɗe a ciki.

A duniya an samu ci gaba, kuma ba kaɗan ba. Alƙaluman haɗin gwiwa na UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2000 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 204 ne suka tsumbure, wato ɗaya cikin uku. Zuwa 2022 sun koma miliyan 148, kashi 22 cikin 100. A wannan shekarar yara miliyan 45 ne ke fama da rama, miliyan 37 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Kaso mafi tsoka na nasarar daga Asiya ya fito, musamman ƙasar Sin, inda a 1990 kusan yaro ɗaya cikin uku ya tsumbure, amma zuwa 2010 abin ya koma kusan ɗaya cikin goma.

A Afirka kuwa adadin yaran da suka tsumbure ƙaruwa ya yi, daga wajen miliyan 54 a 2000 zuwa miliyan 63 a 2022. Kason ya sauka daga kusan kashi 40 zuwa 30, sai dai haihuwa ta fi saukar sauri. Yunwa kuwa, wato rashin samun abin da zai ƙosar, ta yi ta raguwa tun farkon ƙarnin nan, ta tsaya cak a tsakiyar shekarun 2010, sannan ta tashi da zuwan korona. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a 2024, fiye da miliyan 300 daga cikinsu a Afirka, wato mutum ɗaya cikin biyar na nahiyar. A ɗaya gefen, masu ƙiba sun haura biliyan ɗaya tun 2022.

Idan aka jera ƙasashe daga mafi talauci zuwa mafi arziki, alaƙar a bayyane take. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan yaro ɗaya cikin uku ya tsumbure, a masu arziki kuwa bai kai biyar cikin ɗari ba. Babu ƙasa mai cikakken arziki da rabin yaranta suka tsumbure. Amma ga wani abu da ya kamata ɗalibanki su riƙe: kusan biyu cikin uku na yaran da suka tsumbure a duniya ba a ƙasashen da suka fi kowa talauci suke ba. Suna ƙasashen da Bankin Duniya ya sa a matakin farko na masu matsakaicin samu, irin su Indiya da Pakistan da Najeriya. Wato ƙasashen da suka riga suka ɗan motsa.

To da nawa arziki ke rage ta? A 2013 Marie Ruel da Harold Alderman sun wallafa lissafi a mujallar likitanci ta Lancet. Sun gano cewa idan abin da ƙasa ke samarwa a kan kowane mutum ya ƙaru da kashi 10, matsanancin talauci yana raguwa da kusan kashi 11, amma tsumburewa da kusan kashi 6 kawai. A lura, kashi 6 na adadin da ake da shi ake nufi. Ƙasar da take kan 40 za ta koma wajen 37 da rabi ke nan. Ki kawo wannan gida. Tattalin arzikin Najeriya a 'yan shekarun nan yana girma da wajen kashi 3 a shekara, jama'a kuma suna ƙaruwa da fiye da kashi 2. Abin da ya rage wa kowane mutum bai wuce kashi 1 ba. A haka sai an yi shekara goma kafin a sami wannan kashi 10, a rage maki biyu da 'yan kai. Yaran da za a haifa a tsakani sun riga sun wuce kwana 1000 ɗinsu.

Shekara guda bayan lissafin Ruel da Alderman, Sebastian Vollmer da abokan aikinsa suka fito da abin da ya fi wannan tayar da hankali. Sun tattara binciken gida-gida 121 da aka yi a ƙasashe 36 tsakanin 1990 da 2011, suka duba ko shekarun da tattalin arzikin ƙasa ya bunƙasa sun zo da raguwar tamowa a cikin ƙasar. Alaƙar da suka samu 'yar mitsitsiya ce, kusan babu. An yi ta muhawara a kan hanyar lissafinsu. Ni a ganina binciken biyu ba su ci karo ba. Na farko yana magana ne a kan dogon zango, inda arziki ya daɗe har ya zama makaranta da famfo da asibiti. Na biyu yana nuna cewa bunƙasar 'yan shekaru ba ta isa kwanon yaro da kanta. Arzikin ƙasa kamar ruwan dam ne: ko ya cika ya batse, lambun da ba a haƙa wa hanyar ruwa ba bushewa zai yi.

Wuri na farko da ruwan ke maƙalewa shi ne hannun da kuɗin ya shiga. Lissafin "kowane mutum" rabo ne a takarda, ana ɗaukar dukiyar ƙasa a raba da yawan jama'a kamar kowa ya karɓi nasa. Arzikin mai ya fi kowanne yaudara a nan, domin yana kumbura lissafi ba tare da ya ɗauki mutane da yawa aiki ba. Angola tana cikin manyan masu haƙar mai a Afirka, amma binciken 2015 zuwa 2016 ya sami kashi 38 na yaranta sun tsumbure. Guatemala kuwa ba ta da arzikin mai na a zo a gani, tana dai cikin ƙasashe masu matsakaicin samu na matakin sama, amma kusan kashi 47 na yaranta sun tsumbure, kuma abin ya fi muni a tsakanin 'yan asalin ƙasar, al'ummar Maya mazauna tsaunuka, waɗanda aka daɗe da mayarwa saniyar ware.

Najeriya a 2014 ta sake lissafin tattalin arzikinta ta zama ta ɗaya a Afirka, da kimanin dala biliyan 510. Bayan shekara huɗu, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 37 na yara sun tsumbure, na 2023 zuwa 2024 kuma ya sami kashi 40. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kuma wannan 37 ɗin ma ya ɓoye gaskiya, domin a Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas 18. A Kebbi 66, a Jigawa 64, a Katsina 61, a Anambra 14. Ƙasa ɗaya, naira ɗaya, gwamnatin tarayya ɗaya. Duk lokacin da na duba waɗannan lambobin raina yana ɓaci, domin jihohin da suka fi tsumburewa su ne masu noma gero da dawa da wake da shinkafar da ake ci a sauran ƙasar.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi rikita mutane: yankin da ke noma abinci yana iya zama shi ne matattarar tamowa. Maraɗi tana cikin rumbunan Nijar, ga kasuwanci da Najeriya, amma a can ne matsalar ƙarancin abinci ta 2005 ta fi ƙamari, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin matsananciyar tamowa a ƙasar. Hatsi yana nan a kasuwa, farashinsa ne ya gagari talaka. A Mali ma haka aka daɗe ana mamakin Sikasso, yankin auduga da ruwan sama, wanda yaransa suka fi na wasu yankunan masu fari tsumburewa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna irin wannan tun da daɗewa game da yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943: mutane suna mutuwa ne saboda ba su da ikon mallakar abinci, ko da abincin yana nan.

Ko hatsin ya samu, cika ciki daban, gina jiki daban. Ki dubi abin da ake bai wa ɗan wata takwas a yawancin gidajenmu: kunun gero ko koko, an tsinka shi da ruwa don ya bi ta cokali ko kofi, a jefa sukari idan akwai. Cikinsa bai wuce ɗan ƙaramin kofi ba, an cika shi da ruwa da gari. Kajin gidan suna yin ƙwai, amma ƙwan na ƙyanƙyasa ne ko na kasuwa. Nonon saniya an kai tasha an sayar an sayo tiyar dawa. Uwar ba sakarya ba ce, lissafinta daidai yake: kuɗin ƙwai biyu zai ciyar da mutum nawa idan aka sayi gari? Derek Headey da Harold Alderman sun auna wannan a 2019, suka gano cewa a Nijar ƙarfin da ake samu daga ƙwai ya ninka wanda ake samu daga hatsi tsada fiye da sau 20, a Amurka kuwa bai kai sau biyu ba. A ƙasa matalauciya abinci mai gina jiki ya fi tsada, saboda babu wutar ajiye madara, babu hanya, cuta na kashe kaji. Don haka ƙaramin ƙarin samu yakan tafi a kan ƙarin hatsi, ko taliya da lemon kwalba, kafin ya kai ga ƙwai da kifi.

Indiya ce ta fi koya wa duniya cewa kuɗi da abinci ma ba su ne ƙarshen magana ba. Tattalin arzikinta ya yi ta gudu tun shekarun 1990, tana fitar da shinkafa waje, amma a 2005 zuwa 2006 kashi 48 na yaranta sun tsumbure, fiye da ƙasashen Afirka da dama da ba su kai ta samu ba. Zuwa 2019 zuwa 2021 ya sauka zuwa kashi 35.5, rama kuma tana kan 19, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. Dalilai biyu suka fi fitowa. Na farko halin da mata ke ciki. Diane Coffey ta ƙiyasta cewa kashi 42 na matan Indiya suna shiga ciki ne a rame, alhali a Afirka kudu da Sahara wajen kashi 16 ne. Amarya ƙarama a gidan surukai ita ce ta ƙarshe a cin abinci, ita ce ta farko a aiki, sai ta haifi jariri maras nauyi wanda ya fara tsumburewa tun a ciki. Na biyu bahaya a fili. A ƙidayar 2011 fiye da rabin gidajen ƙasar ba su da makewayi, ga cunkoso. Yaron da ke rarrafe a ƙasar da najasa ta gurɓata hanjinsa yana cikin kumburi kullum, ko ya ci abinci jiki ba ya tsotsar amfaninsa yadda ya kamata.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a nan don kada a ɗauka abin mai sauƙi ne. An yi manyan gwaje-gwaje a Kenya da Bangladesh da Zimbabwe, aka gina wa gidaje masai masu sauƙin kuɗi, aka ba su sabulu da maganin ruwa, amma tsawon yaran bai ƙaru ba. Fahimtar da masana da dama suka yi ita ce gyaran gida ɗaya ba ya isa idan unguwa duka a gurɓace take. Ana buƙatar ruwan famfo da magudana da tsaftar gari gaba ɗaya, waɗannan kuwa aikin hukuma ne, kuma kuɗi suke ci. A nan ne arzikin ƙasa ke da amfani na gaske, idan an kashe shi a wurin. Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, kuma mataki ne da ya cancanci yabo, amma matakin farko ne.

Lisa Smith da Lawrence Haddad sun taɓa bin diddigin ƙasashe 63 daga 1970 zuwa 1995 don gano abin da ya rage yawan yara marasa nauyi. Ilimin mata shi kaɗai ya ɗauki kashi 43 na nasarar, wadatar abinci kashi 26, sauran kuma tsaftar muhalli da matsayin mace a al'umma. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin awo ba zai yi mamaki ba. Yarinyar da ta gama sakandare takan yi aure a makare kaɗan, ƙugunta da jikinta sun gama girma, takan je awon ciki, takan san gudawa ba fitar haƙori ba ce kawai, kuma takan iya buɗe baki ta ce a kai yaro asibiti yau, ba sai maigida ya dawo daga ci-rani ba.

Ƙasashen da suka fi ƙarfinsu yin abin kirki su ne hujjar da ta fi gamsar da ni. Peru ta yi kusan shekara goma tsumburewa ba ta motsa ba duk da tattalin arzikinta yana girma. A zaɓen 2006 ƙungiyoyin farar hula suka sa 'yan takarar shugaban ƙasa suka rattaba hannu kan alkawarin rage tsumburewar 'yan ƙasa da shekara biyar da maki biyar cikin shekara biyar. Gwamnatin da ta hau ta ɗaure kasafin kuɗi da sakamako, ta mai da hankali kan gundumomin da suka fi talauci, ta faɗaɗa shirin Juntos mai bai wa uwa kuɗi bisa sharaɗin kai yaro awo da rigakafi. Daga kashi 28 a 2008 suka sauka zuwa 13 a 2016. Kuɗin ma'adinai yana shigowa tun kafin nan. Abin da ya canza shi ne inda aka nufa da shi.

Senegal ta fi kusa da mu, kuma ita ce amsar kai tsaye ga ɗalibinki. A 2001 ta kafa hukumar yaƙi da tamowa a ƙarƙashin ofishin firaminista, ba a wani lungu na ma'aikatar lafiya ba, ta shimfiɗa ma'aikatan sa-kai a ƙauyuka masu auna yara da koyar da iyaye. Tsumburewa a can ta sauka daga kashi 34 a 1992 zuwa wajen 17 a 2017, lokacin da samun kowane ɗan Senegal bai kai na ɗan Najeriya ba. Bangladesh ta sauka daga kashi 51 a 2004 zuwa 24 a 2022, Nepal daga 57 a 2001 zuwa 25 a 2022. Brazil ta faɗo daga kashi 37 a tsakiyar shekarun 1970 zuwa 7 a 2007, kuma da masananta suka bincika raguwar da aka samu daga 1996, karatun uwa ne ya zo na ɗaya, ƙarin samun gidajen talakawa ya biyo baya.

Sai dai arziki yana zuwa da nasa ciwon. Lissafin nan na Ruel da Alderman ya nuna cewa ƙarin kashi 10 ɗin da ke rage tsumburewa da 6 yana ƙara ƙibar mata da kusan 7. Da mutum ya ɗan samu, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne mai da sukari da fulawa, ga talla, ga zaman birni ba motsa jiki. A Masar, inda gwamnati ta daɗe tana tallafa wa burodi da sukari da mai, binciken 2014 ya sami yaro ɗaya cikin biyar ya tsumbure, kusan rabin matan aure kuma suna da ƙiba. Sau da yawa a gida ɗaya ake samun duka biyun, uwa mai hawan jini tana goye da yaro tsumburarre. A Najeriya ma binciken 2018 ya sami kashi 28 na mata nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 12 kuma a rame suke, sannan kashi 58 suna da ƙarancin jini. Akwai kuma wata alaƙa mai ban tausayi: jaririn da ya sha wahala a ciki ko a yarinta, idan ya girma ya tarar da abinci mai maiƙo da zaƙi, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da na zuciya. A ƙasashe masu arziki kuwa ƙiba ta koma ciwon talaka, saboda a can abincin gwangwani da na leda ne mai araha. Meziko ta sa haraji kan lemon kwalba a 2014, Chile ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan ci a 2016. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a 2022, kuɗin da hauhawar farashi ta riga ta cinye.

Har yanzu muna magana kamar hanya ɗaya ce, daga arziki zuwa jikin yaro. Tana komawa baya ma. A ƙauyuka huɗu na Guatemala tsakanin 1969 da 1977 an riƙa bai wa yaran wasu ƙauyuka wani kunu mai gina jiki, na sauran kuma abin sha mai zaƙi kawai. Bayan shekaru fiye da 25 aka nemo su. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu, abin da suke samu a awa ɗaya na aiki ya fi na sauran da kashi 46. Binciken da Tarayyar Afirka ta jagoranta kan asarar da yunwa ke jawowa ya ƙiyasta Habasha tana asarar kashi 16.5 na arzikin da take samarwa a shekara saboda tamowar yara, Uganda kashi 5.6. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa a bari ƙasa ta yi arziki tukuna. Ma'aikatan da za su samar da arzikin nan da shekara ashirin su ne ake aunawa a damtse yau.

Wani abin lura shi ne hawa da sauka ba gudunsu ɗaya ba. Ƙarin arziki yana ɗaukar shekaru kafin ya bayyana a tsawon yara, amma faɗuwar samu tana bayyana a damtsensu cikin watanni. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. Abin da gida ke fara yankewa shi ne kifi da nama da ƙwai da wake, wato ainihin abin da yaro ke buƙata, a bar tuwo da miyar kuka. Ga 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, wasu ƙasashen Turai suka rage tallafi, alhali abincin tamowa na leda, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da mai da sukari, mafi yawansa da kuɗin waje ake saye. MSF ta ce yara 652 suka mutu a cibiyoyinta na Katsina a wata shida na farkon shekarar. Ƙasar da ta taɓa zama ta ɗaya a arzikin Afirka bai kamata rayuwar yaranta ta rataya a kan kasafin wata ƙasa ba. A Abuja aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi a 2001, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Inda yaƙi ya shiga kuwa lissafin arziki ba ya aiki ko kaɗan: an ayyana matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam na Sudan a 2024, da Gaza a 2025.

Idan kina so ɗalibanki su gani da idonsu, ki ba su jadawalin tsumburewa na binciken lafiya na 2018, wanda ya raba yara bisa ƙarfin gidansu da karatun uwayensu. A kashi ɗaya cikin biyar na gidajen da suka fi talauci, yara 55 cikin 100 sun tsumbure, a waɗanda suka fi samu 17. A wajen uwayen da ba su yi boko ba 54, a wajen waɗanda suka wuce sakandare 14. Layin farko zai tabbatar musu da abin da kuka koya musu, cewa talauci yana da hannu dumu-dumu. Sai ki sa su tsaya a kan wannan 17 ɗin, su ajiye shi kusa da na Senegal, inda a daidai wannan lokacin matsakaicin ƙasar duka, mai kuɗi da talaka, birni da ƙauye, shi ma wajen 17 ne. Daga nan ki tambaye su wane ruwa yaran masu samun Najeriya suke sha, wane kwata ke bin ƙofar gidansu, kuma wata nawa ake shayar da su nono zalla, a ƙasar da kashi 29 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun hakan.